Na Je Kuala Lumpur Kallon Yayana

Kun ishe ni, wallahi. Tun da na dawo ba ni da sakat a majalisa. "Injiniya, yaya Malesiya?" "Injiniya, da gaske jirgin ƙasarsu ba shi da direba?" Wanda ya kawo gyaran talabijin ma sai ya ja benci ya baje, wai sai ya ji labarin ƙasar waje. Na yi ta ce muku lafiya lau, ƙasa ce mai yawan ruwan sama, kun ƙi haƙura. To yau zan zazzage muku shi gaba ɗaya. Wanda ya ji abin da bai so ba, kada ya ga laifina, shi ya tambaya.

Habibu ne ya kira ni, ɗan yayana marigayi Sale. Gwamnati ta tura shi karatun digiri na biyu a kan harkar fim, ya gama, za a haska fim ɗin da ya shirya a jami'arsu, ya ce lallai sai Baffansa ya zauna a layin gaba. Har tikitin jirgi ya aiko. Na yi murna kamar in taka rawa, don ni na koya wa yaron nan son fim, ni kuma ubansa ya koya mini.

Manyan cikinku sun san Yaya Sale shi ne mai haska fim a silimar unguwarmu, wadda yanzu ta zama wurin sayar da katifa. A ɗan ɗakinsa na sama akwai wasu tsofaffin fina-finan Amurka masu baƙi da fari, sun yi tsatsa a gwangwanayensu, ba mai biyan kuɗi ya kalle su, kowa Indiya da Canis yake so. Da rana kafin a buɗe ƙofa sai ya haska mini su a jikin bango, mu biyu rak. Duk labaran kisa ne da cin amana. Maza masu malafa da doguwar kwat, hayaƙin taba, titi jiƙe sharkaf, inuwa ta raba fuskar mutum gida biyu. In ka ga kyakkyawar mace ta shigo, to ba da alheri ta zo ba, ɗan sandan kuwa ba shi da maraba da ɓarawon. A farkon wasunsu akan rubuta cewa abin ya faru da gaske, sunaye kawai aka sauya. Yaya yakan ce, "Bala, waɗannan su ne fim. A na Indiya mai gaskiya ya ci nasara a tashi a yi rawa. A nan kuwa mai gaskiya shi ake fara binnewa."

Ashe bakinsa ne. Wata yamma Yaya ya bugi wani mutum a ƙofar silimar, mutumin bai tashi ba. Aka ɗaure Yaya, ya rasu a gidan yari, lokacin Habibu yana goye. Uwarsa ta yi aure a wani gari, Innarmu ta riƙe shi. Aka ce masa zazzaɓi ne ya kashe ubansa a wurin fatauci.

To amma kun san halinmu. Mukan rufe abu, sai kuma ya dame mu mu fito da shi ta taga. Duk sanda wani yaro a gidanmu ya saci jiki zuwa gidan kallo, sai manya su zaunar da shi: "Akwai wani mutum, mai haska fim ne, da silima ta gama da shi sai da ya kashe rai, ya ƙare a kurkuku." Wani mutum! Haka Habibu ya tashi yana jin labarin ubansa a kan tabarmar kakarsa da sunan wani mutum. Inna dama ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne, sai alkunya ta haɗu da abin kunya, sunan ya ɓace a gidan ƙurmus.

Ranar da zan tashi na je sallama, Inna ta kama wuyan hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Ta ce, "Bala, baki yana sakewa a baƙon wuri. Abin da Allah ya rufa kada ka je ka tona wa yaron nan. Yi mini alkawari." Na yi mata. Me zan ce wa tsohuwa?

Jirgi ya ɗauke mu daga Kano, muka sauka a Adis Ababa muka canja wani. Kada wanda ya ruɗe ku da daɗin jirgi. Zama ne kamar na akurki, gwiwa a jikin kujerar gaba, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Aka kawo abinci a ɗan faranti kamar na wasan yara, na buɗe wata 'yar leda na zaci man shanu ne, na shafa a burodi, ashe tsumman goge hannu ne mai jiƙe da turare. Wani Bahabashe da ke kusa da ni ya yi ta dariya har da tari. Na bar shi, ranarsa ce.

Da muka sauka, layi yana tafiya sumul har aka zo kan masu koren fasfo. Jami'in ya dubi fasfona, ya dube ni, ya sake duban fasfon kamar ya ga kunama a ciki. Aka ware mu gefe a kan wani benci, dukkanmu baƙaƙe, ba wanda ya ce mana uffan. Da kyar aka kira ni, na nuna takardar gayyata, na dangwala yatsu a wani gilashi, aka buga hatimi. Ban ga laifinsu duka ba, an ce wasu 'yan ƙasarmu sun yi ɓarna a can. Amma ni mai gyaran talabijin daga Fagge, furfura har a gira, ɓarnar me zan iya?

Wajen duba kaya kuma sai ga ƙullin daddawar da Inna ta ba ni in kai wa jikanta. Matar da ta kwance shi ta ja da baya ta toshe hanci da gefen mayafinta, ta kira abokin aikinta, shi ma ya sunsuna ya yamutsa fuska. Na yi ta kwatance da hannu cewa miya ake yi da ita. Suka mayar mini da sauri, don dai in tafi da abina. Ku riƙe wannan, zan rama.

A waje na tarar da Habibu. Ya rame, ya tara gemu, ya ɗan rusuna ya ce, "Baffa, sannu da hanya, ya Inna?" Tare yake da wani kakkauran mutum mai yawan fara'a, Bakatsine, wanda ɗalibai ke kira Alhaji Bole. Shi ne dillalinsu: ɗakin haya, tsohuwar firji, layin waya, tikitin gida, duk abin da ka tambaya sai ya ce "boleh," wato zai yiwu da yaren ƙasar, ko da kuwa ba zai yiwu ba. Ya karɓi jakata ya ce, "Baffa, ka zo ganin jarumi. Ni ne fa na fito a matsayin mugu a fim ɗin!" Muka yi dariya har da ni.

Masaukin Habibu a wata unguwa ce da ake kira Pantai Dalam, kusa da jami'a, can ƙololuwar wani dogon bene. Su huɗu ne a gidan, duk 'yan Arewa masu karatu, kowa da tukunyar dafa shinkafarsa ta lantarki. Hausarsu ta zama faten wake, rabi Turanci, a ƙarshen kowace magana kuma a liƙa "lah". Takalmi a bakin ƙofa ake barinsa, na kowa da kowa, jere a baranda, ba mai ɗauka. Wannan kam ya burge ni, don na tuna silifas nawa na rasa a masallacin Juma'a. Zafin garin kuwa ba irin namu ba ne, gumi ne mai danƙo, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba. Da la'asar sai sama ta tsage da ruwa da tsawa, a ɗauke, a koma zafi.

Abinci shi ya fi ba ni wahala. Da sassafe shinkafa dafaffiya da ruwan kwakwa, da 'yan mitsi-mitsin busassun kifi, da yaji mai zaƙi. Yaji da sukari, jama'a! Wanda ya fara haɗa wannan Allah ya shirye shi. Shayinsu dai na yaba, wanda ake sha a shagunan Indiyawa Musulmi da suke kira mamak. Suna ɗaga kofi sama su tsiyayo shi a wani, kamar dai mai shayin bakin tasha, har na ji kamar ina gida. Rana ta biyu yaran suka sayo mini wani ɗan itace mai ƙaya kamar bushiya, wai shi duriyan, sarkin 'ya'yan itace. Da aka fasa shi na zaci tukunyar gas ce ke yoyo a kan ruɓaɓɓiyar albasa. Na ce, "Mutanen da ke cin wannan su ne suka toshe wa daddawar Inna hanci? Kai, duniya ba gaskiya!"

Jirgin ƙasan nasu da gaske ba direba, na leƙa gaba da idona, ba kowa. Amma abin da ba ku tambaya ba shi ne, in na zauna, sau da yawa kujerar kusa da ni takan zauna wayam ko da mutane na tsaye. Da farko na zaci girmama tsoho ne. Habibu ya ce, "Baffa, ka saba kawai." A masallaci kuwa kafaɗa da kafaɗa, a gaisa a kai hannu ƙirji kamar mu. A fito kuma kowa ya koma yadda yake. Nuni da ɗan ali ma rashin ladabi ne a wurinsu, da babban yatsa ake yi, hannu a dunƙule. Na nuna wa wata mai shago ayaba da yatsa, ta kalle ni kamar na zage ta.

Ana jibi za a haska fim ɗin, Habibu ya ce in zo ya nuna mini inda suka ɗauka. Muka je Bukit Bintang, unguwar manyan kantuna da otal-otal da gidajen abincin Larabawa. Bai kai ni gaban kantunan ba, bayansu ya zagaya da ni, wasu lunguna masu kwata da bututun hayaƙi da matakalar ƙarfe. Ya ce a baƙi da fari wurin nan sak lungun tsohuwar silima. Muka fake wa ruwa a wani mamak, aka kawo shayi da gurasa. Yana juya cokali, bai dube ni ba, ya ce:

"Baffa, ka tuna labarin wani mutum ɗin nan da ake ba mu a gida? Mai haska fim?"

Na ce na tuna.

"Shi na yi. Sharaɗin aikin shi ne a yi irin tsofaffin fina-finan nan da kake nuna mini, kuma labarin ya zama ya faru da gaske."

Shayin ya sarƙe ni, na yi ta tari. Ya jira na gama, sannan ya ɗago ido. "Kai ka san mutumin, Baffa? Ai zamaninku ne."

Na ji yatsun Inna a wuyan hannuna kamar tana wurin. Na ce, "Labari dai nake ji kamar kowa."

Ya ce, "To." Ya kira mai shago ya ce a ƙulle mana sauran gurasar mu tafi da ita.

Ranar haskawa na sa babbar rigata ta shadda, wadda na ɗinka don wannan tafiya. Ɗakin ba babba ba ne, amma ya cika: malamai, ɗalibai 'yan ƙasar, Sinawa, Indiyawa, da kusan duk Bahaushen da ke garin, har da matansu da 'ya'yansu masu amsa sallama da Turanci. Malamar da ke duba aikin Habibu, wata dattijuwa mai tabarau da ɗan ƙaramin jiki, ta tarbe ni da girmamawa ta zaunar da ni a gaba. Aka kashe fitila.

Zan faɗi gaskiya, yaron ya iya. Ya iya ƙwarai. Rubutu ya fara fitowa fari a kan baƙi, da Hausa da Turanci: wannan labari ya faru da gaske. Sai hasken na'ura yana ratsa hayaƙi, sai ƙarar nan ta faifai yana juyawa, tar-tar-tar, wadda rabona da jin ta tun ina saurayi. Sai ga Alhaji Bole, an sa masa malafa, inuwar ƙarfen taga ta zana masa layi-layi a fuska. Duk fara'ar nan ta tafi, ya zama wani abin tsoro.

Mutumin da ke cikin fim ɗin mashayi ne. Yana satar kuɗin tikiti, yana dukan matarsa mai goyo, yana bin wata karuwa mai jan taba. A kanta ya yi wa abokinsa kwanton ɓauna a lungu, ya rotsa masa kai ta baya, ya laluba aljihun gawar, ya goge hannu a rigarta. Jaririnsa na kuka a gida, ya tsallake shi ya wuce ko waiwaye babu.

Yayana fa ke nan. Yaya Sale da ko goro ba ya ci, wanda in ya karɓi albashi sai ya biya ta kasuwa ya sayo wa Inna tsire kafin ya shiga ɗakinsa. Hannuna ya tafi wuyana da kansa, inda tabon nan yake, wanda nake ce muku ƙarfen eriya ne ya yanke ni. Ba eriya ba ce. A layin tikiti na taka ƙafar wani ɗan daba, ya shaƙe ni ya ɗora mini wuƙa a maƙogwaro, har ta fara shiga. Mutane suka watse. Yaya ya hango ta tagar ɗakinsa, ya diro da ƙarfen da yake naɗe faifai da shi, ya buga masa sau ɗaya. Abin da ya faru ke nan. Ba mace, ba kuɗi, ba lungu. A gaban jama'a, saboda ni.

Aka kunna fitila, aka yi ta tafi. Malamar ta tashi ta yi jawabi, na tsinci kaɗan da ɗan Turancina na sakandare. Ta ce yau sun yi sa'a, akwai dattijo daga ainihin unguwar da abin ya faru. Aka miƙo mini abin magana, wani ɗalibi ya juyo da kyamara kaina. Habibu da kansa ya zo ya tsaya a gabana don ya fassara. Ya ce da Hausa, a hankali, kowa na ji:

"Baffa, Malama tana tambaya. Kai da ka rayu a wurin, haka abin ya faru? Haka mutumin yake?"

Na dubi ɗakin. Ga baƙi waɗanda dama kallon masu laifi suke mana. Ga Hausawa cike da kujeru, waɗanda kafin in isa masauki labari ya kai Kano ta waya. In na ce ƙarya ne, za a ce yaya aka yi ka sani? In ce yayana ne, uban wannan da ke tsaye? In tsiraita yaro ranar farin cikinsa, in mayar da shi ɗan mai kisan kai a gaban malamansa, in karya alkawarin tsohuwa? Duk tarbiyyar da aka yi mini ta taso ta toshe mini baki. A raina har ina ganin rufa masa asiri nake yi.

Na ce, "Haka aka yi."

Habibu ya tsaya yana kallona. Ya daɗe, har malamar ta ɗan yi gyaran murya. Sannan ya juya ya fassara musu, aka sake tafi. Alhaji Bole ya rungume ni yana cewa, "Ka gani, Baffa ya tabbatar! Na iya mugu ko ban iya ba?"

Aka yi walima a gidan wata Bazazzagiya da ke sayar da tuwo a unguwar Sri Petaling. Da daddawar Inna aka kaɗa miyar kukar, kowa na santi, ni kuwa kamar ina tauna tsumma. Kwanakin da suka rage Habibu bai rage ni da komai ba. Ya kai ni kasuwa, ya saya wa Inna turare da atamfar ƙasar, ya wanke mini kaya. Amma magana daga "Baffa ga abinci" sai "Baffa lokacin salla ya yi". Ladabi tsantsa, mai sanyi kamar ƙanƙara.

Ranar komowa da hantsi, a filin jirgi, bayan an auna kaya, na kasa daurewa. Na ja shi gefe kusa da inda ake jera kekunan ɗaukar jaka. Na ce, "Habibu, mutumin nan na fim ɗinka..."

Ya ce, "Babana ne. Na sani."

Na dafa ɗaya daga cikin kekunan.

"Tun ina aji biyu a sakandare na sani, Baffa. Faɗa muka yi da wani yaro a makaranta, ya ce mini ɗan mai kisan kai. Na dawo gida na zauna ina jiran wani ya gaya mini. Sai dai a ce wani mutum, wani mutum. Na san ya kashe, ban san dalili ba. Shi ya sa na zauna na ƙirƙiro mafi munin dalilin da zan iya, na ɗora masa. Na ce duk duniya in akwai mai jin zafinsa, kai ne. Na ce Baffa ba zai iya zama ya kalli wannan ba, zai miƙe ya ce ƙarya kake, ɗan banza, ubanka ba haka yake ba. Zagin nan nake jira. Don shi na sayi tikitin."

Na buɗe wuyan rigata na nuna masa tabon. Na gaya masa komai, layin tikiti, wuƙar, ƙarfen, tsiren Inna. Ina magana hawaye na zuba a gemuna, mutane na ratsa mu da jakunkuna. Ya saurara har ƙarshe, shi ma idonsa ya kaɗa ya yi ja. Na zaci zai rungume ni. Sai ya ce:

"Wato ranka ya saya da nasa."

Na ce eh.

"Kuma aka tambaye ka a gaban mutane, ka ce haka aka yi."

Na ce, "Asirinka na rufa, Habibu. Inna ta sa na yi alkawari."

Ya ce, "Baffa, a gaban mutane aka ɓata shi. Nan kuwa daga ni sai kekunan kaya." Ya zaro wani faifai daga jakarsa ya sa mini a aljihu. "An riga an miƙa wa jami'a, an rufe. Malama ta ce shaidarka ta fi komai ƙarfi a aikin, ta sa an ɗora ta a farko. Ka gai da Inna."

Ya rusuna kamar yadda ya yi ranar da na zo, ya juya ya tafi. Na bi bayansa da kallo, tafiyar Yaya sak, kafaɗa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka.

Hanyar dawowa ba abin da zan ce muku a kanta, ban san me aka ci ba, ban san wa ke kusa da ni ba. Da na iso gida Inna ko turaren ba ta duba ba. Ta kama hannuna a daidai inda ta kama da farko, ta ce, "Ba ka dai tona ba ko?" Na ce, "A gaban mutane ban ce komai ba, Inna." Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ban taɓa jin albarkar da ta yi mini nauyi irin wannan ba.

Faifan na saka shi sau ɗaya a shago, bayan na sakaya ƙofa. Kafin sunan fim, kafin komai, sai ga fuskata a baƙi da fari, babbar riga, hula zanna, rabin fuskar a inuwa kamar mutanen da Yaya ke haska mini a bango. Na buɗe baki na ce haka aka yi. Na kashe.

To kun ji Malesiya. Kuma kada wani dattijo a cikinku ya sunkuyar mini da kai yana salati kamar yau ya fara ji. Rabinku kuna cikin layin tikitin nan ranar, da ku aka watse, da ku kuma aka yi shekaru ana cewa wani mutum. Ni da ku duk kanwar ja ce, sai dai ni na fi ku, don ni aka ɗauka a kyamara.

Inna ta rasu wata biyu bayan dawowata, Allah ya jiƙanta, ta tafi da alkawarinta cikakke. Habibu ya yi waya ya yi wa kowa gaisuwa, ban da ni. Ya samu aiki a can, an ce ba shi da niyyar dawowa. Saboda haka ga shi ina faɗa a gaban mutane, da rana tsaka, a bakin titi: sunansa Sale, yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, uban Habibu. Ba mashayi ba ne, ba ɓarawo ba ne, bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba. Wuƙa ya gani a wuyan ƙaninsa ya sauko. Ga tabon, ku matso ku duba.

Wanda ke da lambar Habibu a cikinku ya kira shi ya gaya masa na faɗa. Ni ba ya ɗaukar wayata.